Tumatirin Faransa

Shekarar kwalara, aka baza a Jibiya wai tumatirin lambu ke kawo cutar. Manyan gari, waɗanda fetur ya wayar da su jiya-jiya, suka ce sai na Faransa za su ci. Duba-gari ya ƙwace kwandunan ƙanena Kalilu, noman raninsa kaf, wai za a ƙone a bakin boda.

Na bi hayaƙin da ƙafata. Tsofaffin tayoyi na tarar suna ci da wuta.

Washegari Alhaji Maharazu, ɗan kwangila, ya sauke kwandunan tumatir daga Maraɗi, wai na Faransa, matan manya suna wawaso.

"Malama, taɓa ki ji," in ji shi. "Wannan bai san ƙasarmu ba."

Na juya kwandon. Ga jan ƙyallen da na yi masa maho da shi.

Tumatirin Kalilu ne.