Barimar Hancin Shapla

A tashar Sylhet, gaban motar Dhaka, Foysol ya kasa haɗa ido da Shapla.

"Cire barimar kafin ki shiga ofishin jakadancin," ya ce ƙasa-ƙasa. "Abbanki ya nema miki zaman Amurka ne a matsayin marar aure. Barimar nan alamar matar aure ce; in suka gane an ɗaura mana a ɓoye, shi ke nan."

Ta dafe hancinta. "Ka ji ka! Sai ranar da miji ya mutu mace ke cire wannan."

"Camfi ne. Da kin zauna sai ki ɗauke ni."

"Bayan shekara nawa?"

Direba ya danna hon.

Ta kamo hannunsa ta ɗora a kumatunta. "To, cire da kanka. Ni ba zan shiga takabarka da hannuna ba."