Awon da Babu Irinsa a Duniya

Ina da wani hali, nakan yabi kaina kafin in duba aikina.

Na ɗora na'urori biyu, ɗaya bisa ɗaya, ina auna tazarar lokacin da kowacce ke jin ƙwayoyin zarra da ke zubowa daga sararin samaniya. Ƙarancin tazarar shi ne ingancinsu. Sati uku, babu tazara ko ƙiris. Na gayyato shugaban sashe, na sha sabuwar riga, ina hango ƙarin girma.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, duk duniya babu irin wannan."

Tsohon injiniyanmu ya leƙa bayan tebur, ya dube ni. "Lallai babu, Dakta. Allah ya ƙara basira."

Ashe wayoyin awon guda biyu duka a na'urar sama na jona su. Ita kaɗai nake ta aunawa.