Birkin Kaka

A kwanar ƙarshe ta wani filin tseren motoci a jihar Ohio, saurayin da ke gaban Kaka ya taka birki da wuri. Ita kuwa ta daure, ta ƙirga ɗaya, biyu, sannan ta taka a hankali. Tsohuwar jar motarta ta kwanta ta cikin kwanar, ta wuce shi fit.

Wata takwas ke nan da ta sayi motar a hannu na uku, kujeru a yage. Bakanike ya ce sai an sa sabon inji.

"Bar mini injina," in ji ta. "Canza birki da tayoyi kawai."

'Ya'yanta sun ce in ta zo ta ƙarshe, sayar da motar za a yi, ta zauna gida ta huta. Da safen nan ma saurayin ya leƙa injin ya tuntsire da dariya.

"Kaka, da wannan za ki bi mu? Matsa gefe kada iskarmu ta kwashe ki!"

Yanzu ga shi an kaɗa tutar gama tsere, ita ce ta ɗaya. Ta cire hular kwano, furfura ta jiƙe sharkaf, baki har kunne.

Saurayin ya iso yana sosa ƙeya. "Don Allah Kaka, wa ya koya miki birki haka?"

"Shekara talatin da ɗaya ina jan bas ɗin makaranta, ɗana. Yara arba'in a bayana, hanya duk ƙanƙara, ko madarar yaro ɗaya ban taɓa zubarwa ba."