Famfon Garinsu

Ruwa ya zubo daga famfon, ’yan kwamitin majalisar yankin suka tafa. Shi, wakilin tsibirin, ya sa hannu a rahoton bincikensu: aikin ruwan gwamnati lafiya lau, ba ya buƙatar gyara.

Da ya zagaya bayan bishiyoyin kwakwa, sai ya tarar da mahaifiyarsa kan tsani tana juye bokitin ruwa cikin tankin famfon, ga layin mata har bakin rafi.

“Mak!” ya kira ta, yadda ’yan tsibirin ke kiran uwa. “Mene ne haka?”

“Rage murya, ɗan nan. Shekara biyu rabon injin turo ruwan da motsi. So kake baƙinka su yi maka dariya a garinku? Koma, kifin da aka dafa muku na hucewa.”

Ya kasa ɗaga kai. Alƙalamin na hannunsa, ruwan zaninta na ɗiga kan takalminsa mai sheƙi.