Tukunyar da Muka Tono

Da la'asar muka tono tukunyar ƙarfen Kaka daga gindin rumbu. A nan ta binne ta kafin mu gudu Daura, shekarar da Nasara suka matsa wa garinmu Matameye da aikin tilas. Mun dawo mun tarar darni ya faɗi, tukwanen ƙasa duk sun farfashe. Ita kaɗai ta rage mana, ta yi jawur da tsatsa.

Inna ta ce wa Kaka, "Iya, idan ta tsage ko maƙeri ba ya gyara ta. Da me za mu girka? Gara mu koma Daura."

Kaka ta yafuto ni. Ta sa na goge tukunyar da rairayi da toka har yatsuna suka yi zafi. Sannan ta rataye ta da igiya, ta ɗauki muciya.

Ta ce mini, "Kunnena ya yi nauyi, maigidana. Kai da ba ka magana ka fi kowa ji. Idan da tsaga, ƙarar ba za ta daɗe ba."

Ta buga. Ƙarar ta tashi siririya, ta jima tana yawo a tsakar gida.

"Lafiyarta lau!" Ban san muryata ta kai haka ba.

Kaka ta shafe ta da man gyaɗa, ta kife ta a wuta har ta yi baƙi tana sheƙi. Inna ta tashi ta kwance kayanmu.

Har yau ƙaurin man gyaɗa kwantar mini da hankali yake yi.