Jan da Aka Shafa wa Gidan Kafinta

Tsoho ya doki teburin ma'aikaciyar taswira da sandarsa.

"'Yar nan, dube ni da kyau. Ban yi boko ba, amma duk ambaliyar da ta zo sai ta gaishe ni ta wuce. Nuna mini jan nan da kuka shafa wa gidan kafinta, in ƙara dariya."

Kafinta maƙwabcinsa ne, abokin faɗansa tun suna samari. Hukuma ta ce gidan da ja ya hau a taswira ruwa zai ci, aka ba kafinta sabon gida a kan tudu. Tsoho da kansa ya ɗora masa katifa a mota yana ihu, "Sauka lafiya, matsoraci!"

Ma'aikaciyar ta ƙura wa kwamfuta ido.

"Baba, akwai kuskure. Bara aka sake auna unguwarku, aka gyara zaman gidaje da kogi. Amma jan an bar shi inda yake, ba a matsar da shi tare da su ba."

"To matsar mana, ina kallo!"

Ta matsar. Ja ya sauka daga gidan kafinta, ya zauna daram a kan na tsoho, har da akurkin kaji.

Tsoho ya gyara zaman hula. "Sabon gidan fa?"

"Da naka ne, Baba. Amma kai ka tsaya shaida cewa na kafinta ne."

A waje aka yi tsawa.

"'Yar nan," in ji tsoho a hankali, "duba mini, gidan matsoracin nan yana da ɗakin baƙi?"