Zumunci a Natchez

Tsohuwar Baturiyar ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskata, sannan ta waiwaya ta dubi hoton da ke rataye a falo. Hancinmu ɗaya da mutumin da ke ciki.

"To, kin gano mu ke nan," in ji ta. "Goge ƙafarki ki shigo."

Na yi shekaru ina bin sawunsa, daga maƙabartu zuwa bakin tsofaffi. Shi ne mai gonar audugar nan da bayin cikinta a zamanin bauta. Ya haifi 'ya'ya biyar da matarsa, ta shida kuma da baiwar da ke masa wanki. Daga ta shidan na fito, tsohuwar kuwa daga 'yar farinsa.

Ta zuba mini shayi mai ƙanƙara a kofin roba, ita ta ɗauki na tangaran.

"Gwaggo, abu ɗaya ya kawo ni," na ce. "Ya taɓa kiran 'yar baiwar nan 'yarsa?"

"Ni ba gwaggonki ba ce." Ta yi murmushi. "Amma ba mu manta da ita ba a gidan nan. Tana 'yar shekara tara ya sayar da ita, don yayarta ta dame shi da kuka, tana son abin kiɗa."

Ta miƙe da ƙyar, ta yaye ƙyallen da ya lulluɓe wani tsohon piyano, ta shafa shi.

"Ga ta nan, da kuɗinta ya saye shi. Har yau da sunanta muke kiransa. Zauna in kaɗa miki, muryarta ba ta dishe ba."